Yadda ake jinyar mesa mai dunƙulewa a gida, a yanayin Yamai

Cikin watan Afrilu ne mesata ta fara kwanta mini ciwo. Wuta ta ɗauke tun kafin azahar ina wurin aiki, akwatinta kuwa yana ɗakin da rana ke dukan bangonsa da la'asar. Da na dawo wari ne ya tare ni a bakin ƙofa. Ta amayar da kusun da na ba ta kwana biyu da suka wuce, rabinsa a narke, ita kuma ta cusa jikinta duka cikin kwanon ruwa, kai kaɗai a waje. Ma'aunin zafi na nuna 39. Inna ta leƙo daga tsakar gida ta ce, “Ɗan nan, ai na faɗa maka, naman daji ba ya zaman ɗaki.” Na ce, “Inna, a daji ma ɗaki take kwana, ni ne ban iya gina mata irinsa ba.” A lokacin don kare kai na faɗa, amma daga baya na gane gaskiyar maganar ke nan.

Wadda nake nufi ita ce ƙaramar mesar da masu Faransanci ke kira piton ruwayal, masana kuma Python regius. In ta tsorata sai ta dunƙule kamar curin fura, ta ɓoye kanta a tsakiya. Ba ta da dafi, tsawonta mita 1 zuwa 1 da rabi ne, kuma in ta sami kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Senegal har Yuganda, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Kada a haɗa ta da babbar mesa, Python sebae, wadda ke wuce mita 4. Ɗanta ƙarami na iya ruɗin mai saye. Mai dunƙulewar tana cikin dabbobin da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido a jerinta na 2, a nan Nijar kuma akwai doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998 kan farauta da kare namun daji. Duk mai ajiye ta ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ya ji abin da ake bukata a hannunsa.

A daji, yawancin yininta a ƙarƙashin ƙasa take yi, cikin ramin kusu ko gafiya ko tsohon suri, inda zafi ba ya hawa sosai kuma laima ba ta tafiya ko da rani. Yawancin shawarwarin da ke intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, damuwarsu yadda za su ɗumama akwati. Mu a Yamai sau uku yanayi ke juya mana a shekara: bazara ta kai 41 ta wuce, hunturu ya busar da iska har laima ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 dare kuma ya sauko wajen 15, sannan damina ta jiƙa komai a watan Agusta. Kowanne da cutar da yake kawowa. Shi ya sa jinya ke farawa daga akwati, kafin a kai ga kwalbar magani.

Ka fara da awo

Abu uku za ka tanada: ma'aunin zafi da laima na lantarki mai ɗan waya, ƙaramin sikeli irin na masu sayar da kayan miya mai nuna giram, da kaye guda da biro. Ka auna a ƙasan akwati inda cikinta ke taɓawa, ba a jikin bango ba. Akwatin gefe biyu gare shi: gefen ɗumi ya tsaya digiri 31 zuwa 32, gefen sanyi 25 zuwa 27, da dare kada ya sauka ƙasa da 24. Laima kashi 55 zuwa 70. Ka auna sau uku: da asuba, da ƙarfe 4 na yamma, da tsakar dare. Awon safe kaɗai yaudara ne. Nawa ma da safe 30 yake nunawa ranar da abin ya faru.

In zafi ya wuce 35 ya daɗe, mesa na cikin wahala, in ya doshi 40 yana iya kashe ta cikin awoyi. Ka sauke akwatin ƙasa bisa siminti, a ɗakin da ya fi nisa da rana. Ɗakin laka ya fi mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Ka rufe rabin murfin da jiƙaƙƙen tawul, ka ɗora gorar ƙanƙara naɗe da tsumma a kan murfi ta gefe ɗaya, ba a ciki ba. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne sabuwar tukunyar ƙasa: na fasa mata ƙofa a gefe, na goge bakin da dutse har ya daina kaifi, na jiƙa ta na kife. Yadda randa ke sanyaya ruwa haka take sanyaya cikinta, ga laima, ga duhu. Suri ke nan na cikin ɗaki. Mesar da zafi ya riga ya buga, a sa ta a ruwa mai sanyin famfo na safe, kada a kuskura a zuba mata ruwan ƙanƙara.

Da ɗari kuma akasin haka ne: ka ɗaga akwatin daga siminti ka ɗora kan katako. In kana da tabarmar ɗumi ta lantarki, ta kasance a waje ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, tare da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka. In babu, gorar ruwan ɗumi naɗe da tawul a jikin akwati ta waje na iya kai ka asuba. Kaskon gawayi a ɗakin da take ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

Akwatin jinya

Da zarar ka ga alamar ciwo, ka raba ta da duk wata dabba mai jan ciki da ke gidan. Ka samo akwatin roba mai murfi mai kamawa, ka huda ƙananan ramuka a gefe, ka shimfiɗa farar takarda ko jarida, ka sa maɓoya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, da kwanon ruwa mai nauyi. Farar takarda ita ce ke ba ka labari: ƙwari, jini, majina, launin kashi, duk a kanta za ka gani. Ka cire yashi da garin katakon kafinta. Yashi na shiga baki da hanci, garin katako kuwa ba ka san wane fenti ko maganin gara ke cikinsa ba.

Tsohon akwatin a wanke shi da sabulu, a bi da ruwan jabel da aka sirka sosai, a ɗauraye sau biyu ko uku, a shanya har warin ya tafi. Girezil da sauran magungunan wanke masai masu irin warinsa guba ne ga maciji. Kai ma ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta, don macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba. Kwanonta kada ya je inda ake wanke-wanken gida, yara ƙanana da mai ciki kuma su tsaya daga nesa.

Duba ta daga kai zuwa wutsiya

Kafin ka taɓa, ka zauna ka kalle ta minti biyar. Lafiyayya na fitar da harshe akai-akai, in ka ɗauke ta ta riƙe hannunka da ƙarfi. Wadda ta saki jiki kamar jiƙaƙƙiyar igiya, ciwonta ya yi nisa. Ka kasa kunne kusa da kanta. Ka duba hanci, ido, da ƙananan ramukan da ke leɓenta na sama, waɗanda take jin ɗumin abin farauta da su. Ka duba ƙarƙashin haɓa. Ka bi jikin da yatsu a hankali kana neman kumburi ko wani abu mai tauri. Ka juya ka ga ciki, wanda ya kamata ya zama fari sumul. Ka ƙare da dubura, ko akwai kashi manne ko nama a waje. Sannan ka ɗora ta a sikeli cikin ƴar roba ka rubuta. Gadon bayan lafiyayya a zagaye yake. In ƙashin baya ya fito tsini kamar rufin bukka, ta rame.

Ciwon numfashi

Wannan shi ne wanda ba ya son jira. Maciji ba ya iya tari, don ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki irin namu, saboda haka majinar da ta taru a huhu tana nan. Za ka ji ɗan fito ko ƙas-ƙas in tana numfashi, ka ga kumfa a hanci ko yauƙi a baki, ta riƙa buɗe baki, ta jingina kai sama a bangon akwati ta daɗe. A nan garin, daren Disamba da Janairu da ƙurar hunturu ne suka fi jawo shi, sai kuma sanyin kilim da ke bugun akwati kai tsaye. Wani lokaci busasshen ɓawon saɓa a hanci kan sa ɗan fito na kwana ɗaya ko biyu, amma wannan ba ya zuwa da majina.

Abin da za ka yi a gida: ka tsai da gefen ɗumi a 32 dare da rana, gefen sanyi kada ya gaza 27, ka riƙe laima wajen 60 zuwa 65 ba tare da ka jiƙa shimfiɗa ba, ka dakatar da abinci, ka daina ɗaukarta sai dole. In akwai kumfa ko buɗe baki, a kai ta likita ranar nan ko washegari. Yawanci allurar kashe ƙwayoyin cuta ce, ana yin ta a naman gefen ƙashin baya a kashi na gaba na jiki, kuma tazarar allurai ta fi ta ɗan adam ko rago nisa, wata ma sai bayan kwana 3, don jikin maciji a hankali yake sarrafa magani. Ka sani kuma akwai ƙwayar birus, nidobirus, da aka gano a irin wannan mesa a 2014, wadda allura ba ta kashewa kuma tana yaɗuwa tsakanin mesa da mesa. Dalili ke nan da ya sa sabuwar da ka kawo gida za ta yi wata 3 ita kaɗai, da kwanonta da kayanta.

Ruɓar baki da ruɓar ciki

In ta ƙi abinci kuma leɓe ya kumbura ko bai rufuwa daidai, ka sa wani ya riƙe maka jikin, kai ka riƙe bayan kai a hankali, ka buɗe bakin da gefen katin roba mai laushi. Lafiyayyen baki ruwan hoda ne mai haske. Jajayen ɗigo, ko wani abu mai kama da dunƙulen cuku a dasashi, ruɓar baki ce. An fi ganinta ga waɗanda aka kamo daga daji suka yi ta goga hanci a waya, ko waɗanda suka biyo ta hannun masu wasa da maciji bakinsu ya sha wahala. In abin ɗan kaɗan ne, ka sirka Bétadine, maganin wanke ciwo na farmasi, da ruwa har ya yi launin shayi marar ƙarfi, ka shafa da auduga a tsinke sau ɗaya a yini, kanta na kallon ƙasa don kada ruwan ya bi maƙogwaro. In akwai ruɓaɓɓen nama ko haƙori na girgiɗi, aikin likita ne, don ciwon na cin ƙashin muƙamuƙi kuma yana gangarawa huhu.

Ruɓar ciki ta damina ce. Shimfiɗa ta jiƙe da fitsari ko ruwan kwano, a bar ta kwanaki, sai ɓawon ciki ya yi ja ko ruwan ƙasa, gefensa ya tattare, wani wuri ya yi bororo. Busasshiyar takarda da ake canjawa kullum, da jiƙo na minti 10 a ruwan Bétadine mai launin shayi, su ne magani a farkon abin. Ka bari ta sha ruwa zalla tukuna kafin ka sa ta a mai magani, don da ta ji ruwa takan kafa kai ta sha. Laimar da ake so a iska take, ƙasan da take kwanciya kuwa a bushe.

Ƙuna ma kama da wannan take yi. Mesa na iya kwanciya kan abu mai zafi har fata ta soye ba ta matsa ba. Ƙwan lantarki marar kariya da tabarmar ɗumi marar na'urar yankewa su ne masu laifi. A wanke da ruwan gishirin farmasi, a shafa man ƙuna na Flammazine siriri, a kwantar da ita a takarda. Ƙuna mai faɗi ko zurfi sai likita, kuma warkewarta sai an yi saɓa da yawa.

Saɓar da ta maƙale

Daga Disamba zuwa Maris kusan duk mai mesa a Yamai zai gamu da wannan. Lafiyayyar saɓa a haɗe take fita kamar an tuɓe safa. Da farko launin jiki ya dushe, ido ya yi shuɗi-shuɗi kwana biyu ko uku, ya washe, bayan ƴan kwanaki ta tuɓe. Da ka ga idon ya yi hazo, ka ɗaga laima zuwa 70 ko 80, ka sa mata ƴar roba mai ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma da aka matse a ciki.

In ta riga ta maƙale gutsi-gutsi, ka zuba ruwa mai ɗumin 28 zuwa 30 a roba mai murfi, zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinta, ka sa ta minti 20 kana tsaye a kai. Daga nan ka bar ta ta yi ta ratsa jiƙaƙƙen tawul a hannunka, fatar za ta biyo tawul ɗin. Abin da ya ƙi fita, a bar shi sai gobe. Wuri biyu ne abin tsoro. Ƙarshen wutsiya, inda tsohuwar fata ke zama zobe ta shaƙe jini har tsinin ya mutu. Sai ido: maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne mai haske ya rufe idon, shi ma yana fita da saɓa. Ka duba fatar da ta tuɓe ko tana da ƴan tabarau biyun nan. In ɗaya ya zauna, ban da farce, ban da hantsaki, ban da salatif. Mutane sun makantar da dabbobinsu suna cire abin da suke zaton tsohon ɓawo ne, alhali ido ne ya tattare don ƙishirwa. Laima da haƙuri zuwa saɓa ta gaba sun fi. In ya taru biyu, likita ya cire.

Kaska da ƙwarƙwatar maciji

Wadda aka kamo daga daji da wuya ta zo ba kaska, a lafe ƙarƙashin ɓawo, launinta ya saje da na jiki. Ka kama ta da hantsaki daf da fata, ka ja a miƙe ba fizga, ka shafa Bétadine. Kada ka ɗiga kalanzir ko baƙin mai kamar yadda wasu ke yi wa dabbobin turke.

Ƙwarƙwatar ta fi wuyar sha'ani. Ƙananan baƙaƙen ɗigo ne masu tafiya, kamar garin barkono baƙi, a gefen ido, cikin ramukan leɓe da ƙarƙashin haɓa. Alamarta ta farko, mesa ta tare a kwanon ruwa alhali ba zafi, in ka duba ƙasan kwanon ka ga baƙaƙen ɗigo sun nutse. Jini suke sha, suna iya kashe ƙaramar mesa. A lungunan akwati suke ƙwai, ba a jikinta ba, don haka wanka kaɗai ba ya raba ka da su. Jiƙo kullum, sabuwar takarda kullum, wanke akwati duk bayan kwana biyu ko uku, duk kayan katako a zubar, kuma a ci gaba da haka har mako 6 ko da ka daina ganinsu. Akwai maganin da likita kan ba da a shafa da tsumma, amma shi zai zaɓa ya faɗi yawansa.

Ƙin abinci da amai

A nan ne masu mesa suka fi tayar da hankalinsu a banza. Wannan dabba gwanar azumi ce. Babba mai ƙiba na iya yin wata biyu, uku, har fiye ba ta ci ba, musamman namiji a lokacin ɗari, ko wadda ke shirin saɓa, ko wadda aka canja wa wuri. Sikeli ne alƙali. Ka auna duk mako biyu. In nauyi bai motsa sosai ba kuma ba wata alama, ka miƙa abinci duk kwana 10 zuwa 14 da dare, ka rufe akwati ka ba ta wuri. In ta zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko ƴar ƙarama ce ta yi wata guda ba ci, a nemi dalili. Ɗura ba aikin mai koyo ba ce.

Kaurin abincin kada ya wuce inda jikinta ya fi kauri. Ɓeran da aka kama a gida ko a kasuwa haɗari ne: ƙila ya ci maganin ɓera, ga tsutsar ciki. Gara ka kiwata naka a keji. In daga firigo ka ciro, ya narke sarai har ciki, a ɗumama shi a ruwa cikin leda. Mai rai kuwa kada a bar shi ya kwana da ita. Mesar da ba ta jin yunwa dunƙulewa take yi kusu ya yi ta gaigayar bayanta har ƙashi.

Amai dabam ne, ba a wasa da shi. Zafi ko sanyi da ya wuce kima, abinci mai girma, ko ɗaukarta kafin awa 48 da ci, su ne sanadin da aka fi gani. Kuskuren da na kusa yi shi ne in sake ba ta washegari don tausayi. Maƙogwaro ya ƙone da ruwan ciki, yana son hutu. Ka bar ta kwana 14 da ruwa kawai, sannan ka ba da rabin girman da ta saba, ka yi haka sau biyu ko uku kafin a koma daidai. Amai sau biyu a jere, ko kashi mai ruwa da wari ko jini, a kai kashin awo. Macizan daji na yankinmu na ɗauke da tsutsotsi iri-iri, har da wata mai zama a huhu, Armillifer, wadda ƙwanta ke iya kama mutum. Wani dalilin wanke hannu ke nan.

Abin da ba ya kwana a gida

Nama ja ya fito ta dubura: ka ɗauraye da ruwan gishirin farmasi, ka rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sukari mai kauri don kumburin ya ragu, kada ya bushe, a tafi likita yau. Mace da bayanta ya kumbura, tana yunƙuri kwana biyu ba ƙwai, ko ta yi wasu saura sun tsaya: kada ka matsa, ƙwai na fashewa a ciki. Mace na iya ɗaukar ƙwai ko ba namiji. Sai wadda ke kafe kai sama kamar mai ƙirga taurari, ko tana murɗewa, ko in ka kifar da ita ta kasa juyowa. Bugun zafi na sa haka, guba na sa haka, akwai kuma birus da ba shi da magani. Ka tambayi mutanen gida ko an fesa wani abu. Piya-piya, maganin sauro na fesawa da na hayaƙi, duk suna iya kashe ta a ɗaki rufe, kuma da damina kowa na kunna su ba tare da ya tuna da akwatin da ke lungu ba.

Maganin mutane kuma a bar wa mutane. Farasitamol kisa yake yi: a tsibirin Guwam, da shi Amurkawa ke kashe macizan da suka addabi tsuntsayensu, ƙwayar miligiram 80 cikin mataccen kusu. Allurar ibamektin da ake yi wa awaki da shanu, awonta na dabbar turke ya fi ƙarfin mesa mai kilo ɗaya da rabi, kunkuru kuwa kashe shi take yi.

Zuwa wurin likita

Likitocin dabbobinmu sun fi sabawa da shanu, tumaki, kaji da karnuka, saboda haka ka kira tukuna ka faɗi abin da za ka kawo. Wanda na je wurinsa ya ja kujera baya da na kwance jaka, ya ce, “Malam, ka tabbata ba kasa ba ce?” Na ce, “Likita, ga ta nan ta dunƙule, ta fi ka jin tsoro.” Ya yi dariya, ya karɓi kayen ya karanta awon zafi da nauyi na wata huɗu, ya ce wannan ya rage masa rabin aiki. Madubin da yake duba kashin rago da shi, da shi ya duba nata, ya kuma ɗauki lokaci ya binciko awon maganin bisa giram ɗinta. Likitan da ya ce bari ya duba littafi ya fi wanda ya zaro allura nan take.

Ka tafi da kaye, da hoton akwati, da bidiyon numfashinta ko yadda take murɗewa, da ɗanyen kashi na ranar a ƙulle cikin leda. Ita kuma a sa ta a rigar matashi mai tsabta, a juya ɗinkin waje don zare kada ya naɗe ta, a ɗaure baki tam, a sa cikin kula ko kwali mai huji. A fita da sassafe. Kada a bar ta a mota rufe ko minti biyar, in kuma a kabu-kabu ne ka rungume kwalin a cinyarka, nesa da injin da salansa.

Bayan an dawo, allurai a cika su har ƙarshe ko da ta ga kamar ta warke, ruwan kwano a canja kullum, a kuma ci gaba da rubutu. Tawa kwana 16 ta yi kafin na miƙa mata ɗan kusu da hantsaki bayan sallar isha'i. Ta leƙo daga ƙofar tukunyar, ta yi ta kaɗa harshe, ta koma, ta sake leƙowa, sannan ta cafke. Na rufe akwatin da zane na fita, ban sake buɗewa ba sai bayan kwana biyu, takardar kuwa tsaf. Akwatin yanzu yana ɗakin ajiya na laka da ke bayan madafa, kuma tun daga Maris gora biyu ke kwana a firigo saboda ita. Inna ce ke ɗora ɗaya a kan murfin in wuta ta ɗauke ba na gida, da sharaɗin ba za ta leƙa ciki ba.